Jar Sitika a Laburaren Kamfani

Ƙofar laburaren ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga ta sama. Manaja ya tura, ya sake turawa da kafaɗa, ta ƙi. Baƙuwar da ya zo da ita ta sa hannu ta ɗaga mariƙin, ƙofa ta buɗe salin alin.

"Kun ga masana ko?" in ji Manaja yana dariya. "Har ƙofa ta san su."

A ciki Malam Shiru ne tsaye. Ma'aikata ne suka laƙa masa sunan, don ko tari ka yi a ɗakinsa sai ya ɗora yatsa a baki. Kamfanin na haƙa rijiyoyi ne, kuma taswirar ƙasa da rahoton kowace rijiya da aka taɓa haƙawa duk suna hannunsa. A ɗakin nan gemunsa ya yi fari. Da aikin ɗakin nan ya riƙe tsohuwarsa, ya tura 'ya'yansa karatu har inda shi bai taka ba.

Shi da bakinsa ya jawo maganar kawo baƙuwar. Rufi yana yoyo, gara ta fara cin kantocin ajiye takardu, takardu sun taru har injiniyoyi sun gaji da jira. Ya roƙi a ɗauko masu ba da shawara daga waje su tsara wurin. Da aka rasa wanda za a kira, ya ambaci wani sabon kamfani da bai taɓa samun aiki ba, ya ce ya ji ana yabon mai shi. Shi dai sabbin kantoci yake hange, da kwamfuta, da wanda zai riƙa kama masa aiki.

Mutum yana zaune lafiya da yoyonsa, sai ya kira wani ya leƙa masa ɗaki.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe," Malam Shiru ya ce wa baƙuwar, mai sabon kamfanin.

Ta ɗan rusuna kamar za ta kai ƙasa, sai ta fasa, ta gyara igiyar jakarta.

"Ki yi aikinki tsakani da Allah," ya ce. "Kada ki duba fuskar kowa."

Ta kuwa yi. Aikinta ba shi da kwana-kwana. Sitika iri biyu ta zo da su. Abin da ake amfani da shi ta liƙa masa kore, a ɗauki hotonsa a zuba a kwamfuta. Abin da aka daina nema ta liƙa masa ja, a fitar da shi. Za ta ɗaga fayil ta tambaya yaushe rabon da a neme shi. Da ya ga dama, da ya ce jiya. Bai iya ƙarya ba, sai ya faɗi gaskiya, ita kuma ta danna ja.

Ba a daɗe ba ma'aikata suka sa mata suna Mai Ja. Direba ya ce kowa ya ɓoye tsohuwar hularsa kafin ta gani. Masinja ya ce girman kai ne da ita: kullum Malam Shiru zai ajiye mata shayi ba sukari, ko tambayarta bai yi ba, ta shanye ko kallonsa ba ta yi. Duk ɗakin ya cika da ja da kore, in ban da wani ƙaramin tebur na kusurwa, mai zanen fure da biro a ƙafarsa. Shi kaɗai ta tsallake.

Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Injiniya yana bakin rijiya zai latsa waya taswira ta fito. Ba mai jira kuma, ba mai hawa bene. Malam Shiru ya riƙa share ɗakin da ba mai shiga, ya ɗora yatsa a baki babu wanda zai yi wa.

Ranar miƙa rahoto aka cika ɗakin taro. Shi yana can ƙarshen tebur da hularsa sabuwar wanki. Ta yi bayani tsaf, aka tafa. Sai Manaja ya gyara zama.

"Tambaya ɗaya, Malama. Tunda komai ya shiga kwamfuta, ana buƙatar mutum a laburare?"

Ta dubi takardar gabanta. Ta daɗe tana dubawa, alhali ba a nan amsar take ba. Malam Shiru bai ɗaga kai ba.

"Ba a buƙata," ta ce.

"Madalla," in ji Manaja. "Amfanin ɗauko na waje ke nan. Ba ta san shi ba, bai san ta ba, ba wanda zai ce ƙiyayya ce." Ya yi mata alkawarin zai yabe ta wurin wasu kamfanoni. Laburare kuma aka ce za a riƙa ajiye bututu a ciki.

Da rana tsaka Malam Shiru ya shigo gida da butarsa da dardumarsa a hammata. Tsohuwarsa tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta san magidanci ba ya dawo da butar wurin aiki gida don marmari. Ba ta tambaye shi ba. Ya shige ɗaki ya ja labule.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofa. Mai Ja ta yi sallama, rungume da ƙaramin teburin nan na kusurwa. Ta ajiye shi, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa har ƙasa. Idanunta sun kumbura.

Tsohuwa ba ta amsa gaisuwar ba. Ta tsinci tsakuwa ta yar, ta tsinci wata.

"Akwai sauran jar takardar a jakarki?"

Mai Ja ta sunkuyar da kai.

"In da saura, shiga ki liƙa. Ubanki yana ɗaki."