Hutun Munawara

Ranar da Sidiku ya ce ya bar tuƙi, matarsa Munawara tana ɗaure igiyar takalmin aiki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Shekara ashirin da bakwai yana jan fasinja daga Yendi zuwa Bawku, ko akuya bai taɓa bugewa ba, ga shi da shekara hamsin da ɗaya wai ya gaji. Ita kuwa saura shekara shida ta yi ritaya daga aikin ungozoma a ɗakin haihuwa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Abin haushin, har da tsari ya zo. Za su fara da Salaga, inda ya fara ganinta a wani biki sanye da shuɗin leshi. Daga nan su gangara Kete Krachi su ci kifi a bakin ruwa, sannan su haura Bawku har Paga. Sati biyu kacal yake roƙo, kuma yana so a tafi kafin damina.

"Baban Samed, mata za su daina haihuwa ne don kai ka gaji?" in ji ta. "Bari sai baɗi."

Ya ce baɗi da nisa. Ta ce ai ba gudu Salaga za ta yi ba.

Sai ya ɗaure jaka ya ajiye bayan ƙofa, kullum da safe ya sake tambaya. Ta ƙi jinin wannan jakar. Ta ƙi jinin yadda yake zuba mata ido in tana ɗaura kallabi, ya yi ta kallo kamar baƙauye ya ga jirgi, ita kuwa lokaci na ƙure mata. A asibiti mata ke layi, tana jan fatar idon kowacce ƙasa ta duba ko jini ya yi kaɗan, wata rana har mutum sittin. In ta dawo gida ba ta da sauran sha'awar kallon idon kowa.

Zaman banza kuwa ya koya masa halaye. Ya ba ɗansu Samed babur, ya ce ƙafa ta fi lafiya. Ya naɗe Alƙur'ani ya koma karatu da ka. Ya tsiri ƙazantar tsoma yatsa a kofi in yana zuba shayi. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ranar da ta matsar da kujerarsa daga gindin darbejiya sai da maƙwabta suka ji su.

Da ya ga ba za ta je ba, sai ya fara tafiya shi kaɗai. Duk wata sai ya hau motar Bawku a kujerar fasinja, ya kwana biyu, ya dawo hannu rabbana, ko albasa ɗaya babu, alhali garin da albasa da babban asibitin ido aka san shi. Idanunsa jajur, ya ce iskar taga ce. Abokan aikinta suna tsokanarta, wai Madam na karɓar haihuwa, Massa, maigidanta, na shan iska. Tana dariya tare da su, amma abin yana cin ranta ƙwarai.

Kullum da yamma tun daga bakin ƙofa take kwaɗa sallama, faɗa na biye da ita, shi kuma ya amsa da sunanta kafin ta maida sakata.

Damina ta zo ta wuce. Sidiku ya daina zuwa Bawku, ya ce abin da ke kai shi ya ƙare. Ya daina tambaya. Ya daina kallonta in tana ɗaura kallabi. Wata safiya ta ga babu jakar a bayan ƙofa, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ta ɗauka za ta ji daɗi, sai shirun ya fi nacin ciwo. Ta tuna cewa mutumin nan shekara ashirin da bakwai bai taɓa roƙonta komai ba sai sati biyun nan. Kunya ta kama ta. Ta rubuta takardar neman hutu, ta bi ta ofis-ofis har aka ba ta sati uku. Ta tono shuɗin leshin daga ƙasan akwati, ta kai wa Alimatu tela a ɓoye ta buɗa shi, don jikin Salaga ba shi ne jikin yau ba.

Ranar Talata ta fita da kayan aiki kamar kullum. Ta biya tasha ta yanki tikiti biyu na Salaga, ta sauya kaya a shagon Alimatu, har da kwalli. Rana na tsaka ta iso ƙofar gida. Sallama ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta, karo na farko a rayuwarta. So take ya ɗago kawai ya ga yarinyar bikin nan.

Ta tura ƙofa a hankali. Yana zaune a kujerarsa gindin darbejiya, carbi a hannu. Ta tako har gabansa, taku uku tsakaninsu, ta tsaya cikin rana, ta ɗaga tikitin biyu tana murmushi.

Sidiku ya ɗago. Idanunsa a buɗe tar, sun sauka daidai kan fuskarta, suka daɗe a wurin. Sannan ya ɗan karkata kunne, ya gyara murya cikin ladabi.

"Wa ke nan? In Madam ake nema, tana wurin aiki."