Alkama Ta Sauya Hanya

Tsoho Grigore ya banke ƙofar ɗakin kyaftin ɗin jirgin ruwan, ko ƙwanƙwasawa babu.

"Jiya a gabanmu rana ta faɗi, yau a bayanmu. Ina kake kai mu?"

Kyaftin Bratu ya ci gaba da shan miyarsa. "Mombasa, baba. An sayar da alkamar da muka ɗauko muna tsakiyar teku. Inda mai kaya ya nuna, can jirgi yake nufa."

"Ni Lisbon za ni. Ranar Asabar 'yata za ta auri wani ɗan iska mai kiɗa a mashaya, kuma na rantse sai na tarwatsa bikin."

"Da ka hau jirgin sama."

Tsohon ya yi ƙwafa. Duk garinsu Constanța an san ko da wuƙa a wuya ba ya hawa jirgin sama. Shi ya sa 'yar tasa Ruxandra, dillaliyar hatsi, ta samo masa ɗaki a wannan jirgin dakon kaya mai zuwa Lisbon. Har ya ɗauka ta saduda ne.

"Wane la'ananne ya sayi alkamar? Faɗi sunansa in tsine masa."

Kyaftin ya ajiye cokali.

"Mace ce, kuma faɗuwa ta yi a cinikin. Ta ce in gaishe da babanta. Za ta turo masa hotunan biki."