Man Kaɗanyar Gwaggo

Ka ga dai, wata mata ce mai tuyar ƙosai ciwon daji ya kama. Tsabar ƙarin ruwan magani, jijiyoyin hannunta duk sun gudu, a soka nan a soka can, hannu ya yi baƙi ƙirin kamar gindin kaskonta. Da likitoci suka ga haka sai suka dasa mata wani ɗan abu kamar marfin kwalba a ƙarƙashin fatar ƙirji, ƙasan ƙashin wuya, ta nan maganin ke wucewa cikin jijiya. Ai kuwa ta samu sa'ida. Nas ɗin da ke kula da ita kuma wata irin mace ce, sai ta wanke hannu, ta sa safar hannu da takunkumi, ta goge wurin, ta tsaya ƙyam sai ya bushe kafin allura ta taɓa shi. Kullum maganarta ɗaya: kar a shafa komai, kar a murza, in ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, a taho asibiti ko da tuwo a baki. Don in ƙwayar cuta ta shiga nan, hanyarta miƙaƙƙiya ce har zuciya, dole a cire abin, magani ya tsaya, a koma farautar jijiya.

To ranar da ta dawo daga ƙarin ruwa, filasta ko ɗagowa bai yi ba, sai ga gwaggonta daga ƙauye ta zo dubiya. Tsohuwar nan ita ta yaye ta, ita ta goye ta. Tana hango tudun nan a ƙirji ta rafka salati, ta kwance bakin zani ta fito da man kaɗanya a ɗan gwangwani, ta tofa addu'a a ciki, ta lakato da yatsa.

"Matso, 'yar nan. Maruru ne wannan, kwana biyu ya fashe."

Kai! Nan fa ake yin ta. In mai ƙosai ta ce a'a, tsohuwa ta koma gida da kuka wai an raina ta. In kuma ta ƙyale, yatsan nan da ya sha ƙurar mota ya sauka kan hudar allura. Sai baiwar Allah ta dafe filastan da mayafi, ta zare ƙafafunta daga bargo ta ɗora a cinyar tsohuwa.

"Gwaggo, wannan na asibiti ne, ko ciwo ba ya yi. Ga inda ke hana ni barci."

Kuma wallahi ba ƙarya ta yi ba, maganin ya busar mata da tafin ƙafa, duk faso, ga zugi kamar ta taka garwashi. Gwaggo ta duba, ta ce, "Amma 'yan asibitin nan ba su da ido?" Ta hau mulka, tana addu'a tana zagin faso, har mai ƙosai ta yi barci da rana tsaka, bakinta a buɗe. Sati na zagayowa nas ta duba ƙirji, fes, ba ja ba kumburi, ta soka allurarta magani ya wuce. Gwangwanin Gwaggo kuwa a ƙafa ya ƙare, har mai ƙosai ta aika a ƙaro.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.