Bokitin Oddvar

Shekara ashirin ina gyaran kifi a garin Vardø na bakin teku, daɗin bakin namiji bai taɓa ruɗa ni ba. Ran nan Oddvar masunci ya tsaya gabana, hula a hannu, bokitin kifi a gefensa.

"Torunn, dama... maganar aure..."

Sai ciwona ya tashi, zuciya ta kama gudu kamar injin jirgi. Dabarar da likita ya koya min ita ce tsoma fuska a ruwan ƙanƙara. Ban taɓa gaya wa Oddvar ba, ashe yana lura.

Ya yar da hular, ya watsar da kifayen bokitinsa, ya bar ruwan ƙanƙarar ciki, ya dire min shi, ya riƙe min gashi.

Na tsoma fuska, na ɗago ina tsiyaya, ina ƙarni. Bugun ya daidaita.

"In ƙarasa?" ya ce.

"Ba ka iya magana ba, sakarai. Tsince kifinka. Wace Asabar za a ɗaura?"