Gado a Kan Bishiya

Sai da ya ɓata kati biyu kafin rubutun ya zauna masa. Farfesa ya daɗe da yin ritaya, amma a gidan baje zanen nan ba a rataye zane sai da ɗan kati a ƙarƙashinsa, kuma mai gidan ya fi son katin ya fito daga hannun wanda ake jin sunansa. Masu saye kati suke fara karantawa, sannan su ɗaga kai.

Wannan karon zanen 'yarsa ne, Auta, na farko da aka taɓa karɓa mata. Mai gidan bai ɓoye ba: in Farfesa ya rubuta, zanen zai hau bangon tsakiya, in bai rubuta ba, ta zo ta ɗauki abinta.

Abubuwa sun fara zame wa Farfesa, shi ma ya sani. Yakan zaga ɗakunan benen da suka koma yana neman littattafansa, ya rasa. Yakan kira mai gadi da sunan wani tsohon ɗalibinsa. Amma zane kam, duba ɗaya yake yi ya san ajinsa, kuma wannan bai ba shi wahala ba.

Gadon ƙarfe ne ɗare-ɗare a tsakanin rassan wata babbar bishiya. Wata mata na kwance a kai, ganye ya rufe fuskarta, hannunta ɗaya na lilo. Littattafai sun kumbura, sun rataye a wayar lantarki kamar jemagu. Firiji ya kishingiɗa a kan rufin mota, ga kifi a cikin takalmi. Sama kuwa fes, ko gajimare babu.

Ya rubuta: "Salon mafarki. Mai zanen ta kwance wa hankali igiya, ta ɗora barci a inda tsuntsu ke kwana. Wasa ne na tunani mai sanyaya rai."

Auta ta karanta, ta miƙa masa katin.

"Baba, da ka sa sunana kawai."

"Ke da fenti, ni da alƙalami. Tun kina cin ƙasa nake wannan aiki." Ya gyara gilashinsa. "Mamanki za ta zo buɗewar dai ko?"

Ta ninka tsumman goge burushi, ta sake ninka shi.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Farfesa ya tsaya kusa da zanen da sandarsa, yana kallon yadda katinsa ke aiki. Mutum zai sunkuya ya karanta, ya ɗago da murmushi tun kafin idonsa ya kai kan bishiyar. Wata mata ta nuna wa ƙawarta kifin, suka tuntsire da dariya. Wani saurayi ya karkace ya saki hannu kamar matar da ke kan gadon, abokinsa ya ɗauke shi hoto.

"Ni ma a sama mini irin gadon nan, ko na huta da masu bin sawuna," in ji wani mai tumbi. Aka yi dariya, har da Farfesa.

Mai tumbin ashe otal gare shi. Ya ja mai gidan gefe, suka yi ƙus-ƙus, suka dawo fuska a sake. Yana son zanen a ɗakin cin abinci, daidai inda baƙi ke karyawa, don abin yana sa nishaɗi. Mai gidan ya riƙe hannun Farfesa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, katinka ne ya sayar."

Daɗi ya kama tsohon har idonsa ya kawo ruwa. To, ashe kan bai tafi duka ba. Ya waiga yana neman 'yarsa ya yi mata albishir.

Tana tsaye a gaban zanen. Ta sa farce ta ɓamɓare katin daga bango, fentin bangon ya biyo shi. Ta ce wa mai otal ɗin ba na sayarwa ba ne. Mai gidan ya ce in haka ne, yau ne farkonta a nan kuma yau ne ƙarshenta. Ta ce ta ji.

Farfesa ya ji kunya ta rufe shi a gaban mutane. Ya matso, ya rage murya.

"Auta, me na rubuta da ba daidai ba? Mafarki ne, kuma kyakkyawa. Tambayi Mamanki in mun koma, za ta faɗa miki na san aikina."

Ta kama hannunsa, ta gyara masa riƙon sandar. Ta yi magana a hankali, da muryar wadda ta gaji da maimaita abu ɗaya.

"Baba, ban ƙara komai ba, yadda na gani na zana. Ƙofar tsohon gidanmu ce, ranar da ambaliya ta janye. Kai da kanka ka hau bishiyar ka sauko da gawar Mama."