Akuyar da Ta Halarci Fashi Huɗu

Ƙaya ta dire kwalin takardu a kan teburin Sanƙo, har shayinsa ya fantsalo masa a riga.

"Bar neman ɓarawo," ta ce. "Nemo mini akuya."

Su biyu ne lauyoyin ofishin, ɗaki ɗaya a saman shagon mai gyaran firji, fankarsu tana juyi kamar an yi mata dole. Aikinsu tono shari'o'in da aka binne da mutane a ciki da ransu, wato waɗanda aka ɗaure ba su ji ba, ba su gani ba.

Wannan karon wani tela ne. An ce shi ya yi fashi a kantin magani, shaida guda ya rantse ya gan shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya shiga gidan yari da baƙin gemu, yanzu furfura ta cinye shi. Mahaifiyarsa takan hawo benen nan tana haki, don kawai ta shaida musu ta zuba wa keken ɗinkinsa mai, kada ya fito ya tarar ya yi tsatsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su zama ɗaya tak. In ya suɓuce, telan a can zai mutu.

Wanda ya ɗaure shi kuwa ba kanwar lasa ba ne. Tsohon mai gabatar da ƙara ne da ake kira Tarko, wanda ya yi ritaya ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Har yau in an ambace shi, lauyoyi sai sun gyara zama.

Sanƙo ya yi ƙunƙuni, ya goge rigarsa, ya hau karatu. Can sai ga akuyar. Shaidan da ya ɗaure tela ya ce yana tsaye wata gurguwar akuya mai yankakken kunne ta gifta, ya ɗaga kai ya bi ta da kallo, sai ya yi ido huɗu da ɗan fashin. Sanƙo ya buɗe shari'ar wani gidan mai, ga akuya. Ya buɗe ta kantin zinare a wata unguwa mai nisa, shekaru bayan haka, ga ta nan dai tana ɗingishi. A ta huɗu ma ba ta yi fashin zuwa ba. Duka huɗun Tarko ne ya gabatar.

"Wannan akuya ta fi ni halartar kotu!" in ji Sanƙo. "Ke ta yaya kika san da ita?"

"Ta daɗe tana yawo," ta ce, ta ci gaba da rubutu.

Abin a fili yake. Tarko yakan zaunar da shaida ya koya masa abin faɗa, kuma ya yi imani ƙarya tsirara ba ta tsayawa gaban alƙali, sai an yafa mata wani ɗan abu da ba wanda zai zaci ƙirƙira ce. Dabara ce mai kyau. Kuskurensa ɗaya, tun da yake bai taɓa sake dabba ba.

Ana gab da zama, Ƙaya ta cire sunanta daga ƙarar, ta ce Sanƙo ne zai yi wa Tarko tambayoyi. Ya samu abin tsokana, wai yau ƙaya ta gamu da takalmi. Shawara biyu ta ba shi: ya roƙi a ba Tarko kujera saboda gwiwarsa ta hagu, kuma in ya ga ya zare tabarau yana gogewa da bakin riga, kada ya ba shi sarari, lokacin yake saƙa ƙarya.

Ranar zama Sanƙo ya karanto akuya ta farko, kotu tsit. A ta biyu aka fara murmushi. Kafin ya kai ta huɗu, magatakarda ya cusa kai a ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa. Aka shigo da shaidan nan na da, ya tsufa, tsoron Allah ya kama shi. Ya ce shi bai ga akuya ba, bai ga tela ba, a ofishin Tarko aka ba shi su duka biyun.

Tarko ya zare tabarau.

"Ranka ya daɗe," Sanƙo ya tare shi, "akuyar nan taka ce ko ta gwamnati?"

Alƙali da kansa sai da ya yi tari. Ya soke hukuncin tela, ya ce a sake buɗe sauran ukun, a kuma binciki Tarko. Tela ya rungume mahaifiyarsa suna kuka, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Iya, keke na nan?"

Kowa ya dara a kotun nan ban da Ƙaya. Ta yi murna har zuciya, amma idonta na kan Tarko. Da aka watse ta tarar da Tarko a benci shi kaɗai, masu gaishe shi da tsugunno jiya suna wucewa kamar ba su san shi ba. Ta ɗauko sandarsa da ta faɗi, ta zauna gefensa.

"A cikin yarana wa ya sayar da ni?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Ba kowa," ta ce, tana gyara masa wuyan riga. "Tun ina aji ɗaya, duk ranar da ka manta da ni a bakin makaranta har kowa ya watse, gurguwar akuyar nan ce take tare maka hanya, Baba."