Injin Wanki Ya Ƙi Zubar da Ruwa

Injin wanki ya tsaya cak da ruwa fal a cikinsa, Injiniya kuma yana durƙushe a gabansa yana harararsa kamar ya zage shi.

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Mai gyaran kayan lantarki ne, maƙwabta suka liƙa masa sunan tun gashinsa na baƙi. Bara ciwo ya kwantar da shi, ya tashi hannunsa na dama yana ɗan rawa. Sai ya rufe ɗakin gyaransa na bayan gida, ya koma zaman kujera da yi wa rediyo gardama. Babban ɗansa ya ce tunda Baba ya ajiye aiki, a kwashe ƙarafan nan a mai da ɗakin sito. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai.

Daga nan kayan gida suka shiga lalacewa bi da bi. Yau dutsen guga, gobe fanka. Duk ya lallaɓa ya gyara yana mita. Yanzu ga babbar matsala ta zo, injin wanki. Ɗan ya bugo waya ya ce in Baba ya kasa, da yamma zai turo mai gyara, kuma motar da ta kawo shi ita za ta tafi da kayan ɗakin.

Injiniya ya kashe, ya kunna. Ya ɗaɗa wa injin duka a gefe. Ya nemi ƙaramar sukudirebarsa sama da ƙasa ya rasa, ya ɗora wa tsufa laifi. Zuciya ta fara raɗa masa cewa injin ya ƙone, shi ma tasa ta ƙare.

Matarsa ta jawo kujera ta zauna tana ninke kaya. Baiwar Allah nan ko ƙwan fitila ba ta taɓa canjawa ba, amma wajen tambaya ba a bar ta a baya ba.

"Maigida, ni fa ban san komai ba, tambaya nake. Mutuwa ya yi gaba ɗaya, ko abu ɗaya ne ya ƙi yi?"

Ya buɗe baki zai ce ta bar shi ya ji da abin da ya dame shi, sai ya fasa. Gaskiya ne, injin yana shan ruwa, yana juyawa. Zubarwa kawai ya ƙi. Matsalar da ta cika masa ɗaki ta koma 'yar ƙarama.

Ta sake tambaya ko in ya zo zubarwar shiru yake yi ko nishi. Injiniya ya yi tsaki, amma ya kunna, ya manna kunne. Nishi yake. Ashe famfon ciki yana da rai, wani abu ne ya shaƙe shi.

"To da can in aka kawo maka mai nishi, ina kake fara dubawa?"

Hannunsa ya riga shi zuwa 'yar ƙofar da ke ƙasan injin. Ya murɗe marfin matatar datti, ruwa ya ɓalle ya jiƙa masa wando sharkaf. Ya zura yatsu biyu ya zaro safa guda, a naɗe tsaf. Dariya ta ƙwace masa, ya ce injinan zamani har ninki suke yi wa mutum. Sai da ruwa ya tsiyaye tas ya tuna hannunsa, ya ga tun ɗazu bai kula ko yana rawa ba.

Daɗi ya cika shi. Ya tafi bayan gida da jiƙaƙƙen wandonsa, ya buɗe ɗakin gyara, ya wangale taga, ya kaɗe ƙurar tebur. A ransa ya ce mota ta zo ta gani, ko ƙusa ba za ta fita ba. Ya kuma ƙudura cewa daga yau, kafin ya doki kowane inji sai ya yi masa tambaya tukuna.

Ya juyo zai je ya yi wa matarsa godiya, abin da ba kasafai yake yi ba. Daidai tagar kicin ya ji muryarta ƙasa-ƙasa, tana waya da ɗan nasu tana danne dariya.

"Safar nan ta yi aiki, har ya buɗe ɗakin. Kai dai kar ka daina maganar motar nan, ni kuma jibi zan san abin da zan yi wa firiji."